Gaisuwar da Ikram Ta Haɗiye

Duk wanda ya tashi a Shahuci ya san gidan 'Yardada, gidan ƙasar nan mai zaure biyu da ke can ƙuryar lungu, inda adaidaita sahu ba ya iya shiga, sai dai ya sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Tsohuwar ba attajira ba ce, ba kuma malama ba. Abin da aka san ta da shi zumunci ne. In an yi haihuwa ko rasuwa, ko wani ya kwanta ciwo, daga Shahuci har Ƙofar Nassarawa, kafin dangi na kusa su gama ɗaura zani ita ta isa. Da gwiwa ta fara ba ta wahala sai ta naɗa wakiliya, wato jikarta Ikram, 'yar ɗanta Mikail mai sayar da turare a kasuwar Kurmi.

Tun Ikram tana firamare aka fara aiken ta gaisuwa, kuma 'Yardada ba ta ɗauki abin da wasa ba. Kafin yarinyar ta fita sai an bita mata. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara da sunayensu. In kuwa akwai wanda aka taɓa jin ba shi da lafiya, ko da ciwon haƙori ne na bara, kada ta kuskura ta miƙe ba ta ce ya jiki ba. A wajen tsohuwar, ka san mutum yana ciwo ka gan shi ba ka tambaya ba, tamkar ka ce masa ciwon nasa bai dame ka ba ne. Akwai ranar da Ikram ta manta ba ta tambayi ƙafar wani dattijo ba, 'Yardada ta mayar da ita da tsakar rana, tana tafe tana kuka, ta je ta tambaya ta dawo sannan aka ba ta abinci.

Haka ta girma da ciwon mutanen unguwa a kanta. Ta san mai hawan jini, ta san wadda ɗanta ya tafi Legas bai sake waiwayowa ba, ta san wadda ba a tambayarta zancen haihuwa. Iyaye mata har misali suke yi da ita in suna yi wa 'ya'yansu faɗa, abin da ya sa sa'anninta ba su cika son ta ba. Burinta ta zama likita, amma makinta bai kai ba, sai jami'a ta ba ta ilimin halayyar ɗan Adam. Da ta gaya wa mahaifinta, sai ya tambaye ta in mutum ya gama wannan karatun me yake sayarwa. Kafin shekara ta zagayo kuwa ta kamu da son abin, don ta gano akwai karatu sukutum a kan abin da ta saba yi tun tana ƙarama, wato zama a gaban mutum a saurare shi.

Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta auri Nazeer, malamin sakandare mai haƙuri da son shayi, suka tare a Ƙofar Ruwa. Ta koma ta yi digiri na biyu. Daga nan ta sa ranta a kan na uku, a fannin da ake koyon zama da masu damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa, a yi musu magani ta hanyar tattaunawa. Jami'ar da take hari ba ta ɗaukar mutane da yawa, kuma sau ɗaya take buɗe ƙofa a shekara. Sakamako mai kyau Ikram tana da shi. Tsarin binciken da za ta yi ta rubuta ta goge har Nazeer ya kusa haddace shi. Intabiyu ba ta tsoronsa, don magana ba baƙuwarta ba ce. Abin da ya rage shi ne shaidar cewa ta zauna da marasa lafiya a ƙarƙashin wani ƙwararre, shi kuma ya rubuta da hannunsa cewa ta cancanta.

Wannan ne ya kai ta wani asibiti a cikin gari, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda ta riƙa zuwa ba albashi a ƙarƙashin Dakta Maharazu. Mutum ne siriri, mara yawan magana, wanda in ka gaishe shi zai ce lafiya ya tsaya nan. Ranar farko Ikram ta jero masa gaisuwa tun daga kwana har iyali har gajiyar hanya, ya jira ta gama, ya nuna mata kujera. Ta koma gida tana ce wa Nazeer ita ba ta taɓa ganin mai rowar baki irin wannan ba. A ranar ne kuma ya faɗa mata abin da ba ta manta ba.

"Malama Ikram, ni ba sakamakon jarrabawarki zan sa wa hannu ba. Abin da zan rubuta shi ne za a iya barin mutum a hannunki a tafi. Sai na gani zan rubuta."

Ta yi watanni tana zaune a gefe tana kallon yadda yake aiki kafin ya fara bar mata mutane. Cikin waɗanda ya bar mata akwai Jamila, yarinya mai jego, haihuwar fari. An yi arba'in an gama, amma barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, kuka kuma ba dalili. In ta ɗauki jaririyar sai ta ji kamar ta wata ta ɗauka, daga nan sai ta tsani kanta. Mijinta ne ya kawo ta a ɓoye. A gidan mahaifiyarsa Hajiya Turai suke zaune a Ƙofar Nassarawa, kuma abin da aka sani a gidan shi ne awon jaririya take zuwa. Tun zaman farko Jamila ta faɗi abin da take tsoro, ta ce in aka ji inda take zuwa za a ce ta taɓu, a karɓe mata yarinya. Ikram ta kwantar mata da hankali. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, kuma ko a hanya suka haɗu ba za ta nuna ta san ta ba, sai in ita Jamilar ce ta fara magana. Da gaske take, don haka aka koya mata, haka kuma ta yarda.

Abu ya yi kyau. Jamila ta fara samun barci, ta fara zuwa da kwalli a ido. Wata rana ta shigo tana ba da labarin yadda jaririyar ta yi mata dariya ita ma ta rama, ba ta ma lura da abin da ta faɗa ba sai da ta ga Ikram tana murmushi. Dakta Maharazu ya duba bayanan zaman ya ce ba laifi, wanda a bakinsa wannan kirari ne. Lokacin rufe karɓar takardu ya matso, Ikram ta fara lissafin in ta samu shiga wa zai riƙa yi wa Nazeer girki ranakun da take makaranta.

Ana cikin haka aka yi wani biki a Ƙofar Nassarawa, na jikar wata tsohuwar ƙawar 'Yardada. Tsohuwar ba ta iya zuwa, don haka ta aika a gaya wa Ikram ta je ta wakilce ta, kamar kullum. Da safen ranar Nazeer ya zauna a kan kujera ya ɗaure fuska, wai shi ne farfesa, yana yi mata tambayoyin intabiyu. Har ya tambaye ta abin da za ta yi in ta haɗu da wanda take dubawa a cikin jama'a. Ta ba shi amsa da Turanci tiryan-tiryan, ba gargada, ya tafa mata. Ta yi wanka, ta ɗaura ashobe, ta tafi.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin manyan mata ranar yinin biki ba ba zai gane abin da ya faru ba. Ɗaki ne cike, an zauna kafaɗa da kafaɗa, ga zafi, ga turaren wuta, ga kiɗa daga tsakar gida. Mai shigowa gaisuwa ba ta miƙewa, a durƙushe take bi ɗaya bayan ɗaya. Ikram kuwa a nan ta fi ƙwarewa. Ta tambayi wannan ƙafa, ta tambayi waccan mai jiki, ta yi wa wata jajen gobarar shago, ta isar wa kowa da gaisuwar 'Yardada. Ana ta sa mata albarka, baki yana gudu, kai yana biye da shi a baya. Sai ta ɗago ta ga fuskar da ta sani, fuskar da ta yi watanni tana damuwa da ita, ta yi fes cikin kwalliya da jaririya a cinya. Daɗi ya kama ta.

"A'a, Jamila, ya jiki? Barcin dai yana samuwa ko?"

Kafin ta rufe baki ta san abin da ta yi. Jamila ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririyar hula. Dattijuwar da ke kusa da ita, wadda ba sai an gaya wa Ikram cewa ita ce Hajiya Turai ba, ta juya ta dubi surukarta ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Jamila ta ce lafiyarta ƙalau. Da a nan aka tsaya da wataƙila an wuce wurin. Amma Hajiya Turai ta tambayi ko 'yar gidan wa ce wannan mai kirki haka, sai wata mata daga can gefe ta amsa da alfahari, wai ai Ikram ce ta gidan 'Yardada, wadda take aiki a wajen likitocin ƙwaƙwalwa. Wata ta jawo zancen tsadar atamfa, aka bi ta da sauri. Ikram ta ƙarasa gaishe da sauran, ba ta san me take faɗa ba, ta fita ko abinci ba ta tsaya karɓa ba.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa ofishin Dakta Maharazu ta faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya sa ta maimaita kalmomin da ta furta daidai yadda ta furta su, ya tambayi su wa ke wurin. Sannan ya ce daga yau Jamila ta fita daga hannunta. Asibiti zai kira lambar da ita Jamilar ta bayar, a ba ta haƙuri, a ce in tana so za a haɗa ta da wani. Ita kuwa Ikram ba zuwa, ba kira, ba aike, kuma duk wanda ya tambaye ta kada ta ce e, kada ta ce a'a. Game da takardar shaida, ya ce bana ba zai rubuta ba, in tana so ta ci gaba da zuwa, ƙofa a buɗe take. Ta so a ce ya zage ta, da ta fi samun sauƙi. Ta shiga banɗakin ma'aikata ta yi kuka, ta wanke fuska, ta dawo ta zauna a kujerar gefe inda ta fara.

An kira lambar ba a ɗauka ba. An sake kira, mijin ya ɗauka ya ce sun gode, ya kashe. Ranar zuwan Jamila ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Sauran labarin ba a asibiti Ikram ta ji shi ba, don a cikin gari ba sai ka nemi labari ba, shi yake nemanka har ɗaki. Hajiya Turai ta mayar da jaririyar ɗakinta, sai lokacin shan nono ake kai wa uwar, wai har ta samu sauƙi. Ta sa ana yi mata addu'a da rubutu, ta kuma ce ba mai sake taka wancan asibitin daga gidanta. Kada a ɗauka muguwa ce. Ta ji tsoro ne, ta yi abin da ta sani. Ga shi tana da 'yan mata biyu a gabanta, ta kuma san irin tambayar da masu binciken aure suke yi a kan dangi. Sai dai abin da Jamila ta ce tana tsoro tun ranar farko shi ne ya same ta, kuma ta bakin wadda ta ce mata kada ta ji tsoro.

Ikram ta rame. Zancen digiri ma ya fita daga ranta, ranar rufe karɓar takardu ta wuce sai Nazeer ne ya tuna. Abin da take kwana da shi take tashi da shi ɗaya ne, ko Jamila za ta dawo, ko da wajen wani ne. Mata kuma suka sa ta a gaba. A wajen suna, a wajen ta'aziyya, sai wata ta matso ta rage murya ta ce ashe yarinyar gidan su Turai wajenku take zuwa. Ikram ta ce ita ba ta zancen aiki a waje. Aka fara cewa boko ya fara hau mata kai.

Wata Juma'a da la'asar ta je Shahuci. 'Yardada tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ƙare mata kallo, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ikram ta ce gajiya ce. Tsohuwar ta ce ta riƙe gajiyarta, ita ta riga ta ji komai tun washegarin bikin, jira take a zo a gaya mata. Ta jawo mayafinta daga kan ƙofa.

"Tashi ki samo mana adaidaita. Uwar Turai ƙawata ce, tare muka yi talla. In na shiga gidan nan na durƙusa da gwiwar nan tawa, ba mai mayar da ni. Ki ba yarinyar haƙuri, ki ba uwar mijinta, a wuce wurin."

"Iya, ba zan je ba."

"Ba za ki je ba? Ke kika yi ɓarnar fa."

"Ni ban ce na yi komai ba, ban ce ban yi ba. Amma duk gidan da aka gan ni na shiga ba da haƙuri, an gama tabbatar wa unguwa abin da take zato."

"To sai ki zauna ki naɗe hannu? Zumunci a ƙafa yake, Ikram. Ni ban taɓa ganin laifin da zama ya gyara ba."

Ikram ta ce ta sani. Ta ce tun da take ba ta taɓa son zuwa wani gida kamar yadda take son zuwa wannan ba, har ta kai bakin layin sau biyu a adaidaita ta ce a juya. 'Yardada ta ce in karatun nan abin da yake koya wa mutum ke nan, ya yi laifi ya ƙi taka ƙafa, to Mikail ya yi asarar kuɗin makaranta. Ta mayar da mayafin ta juya fuska bango. Wannan ne karo na farko da Ikram ta ƙi aiken kakarta, kuma tsohuwar ta yi makonni tana amsa gaisuwarta da lafiya kawai, irin ta Dakta Maharazu.

Gaskiyar magana, kowace a cikinsu tana da hujja. A tsarin 'Yardada, wanda ya riƙe unguwar nan tun kafin a haifi Ikram, ciwon mutum na kowa ne, shi ya sa ba a barin mara lafiya shi kaɗai. A aikin da Ikram ta zaɓa kuwa ciwon mutum nasa ne, sai wanda ya ga dama ya nuna wa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wata rana waɗannan biyun za su haɗu a ɗaki ɗaya tana durƙushe a tsakaninsu. Littattafan da ta karanta an rubuta su ne a garuruwan da likita zai shekara bai haɗu da mara lafiyarsa a gidan biki ba. Ita kuwa duk wanda ya shigo sashen nan, in aka bi salsala, sai an samu inda ya haɗa dangi ko maƙwabtaka da wani nata.

Ta ci gaba da zuwa asibiti. Ta koma kujerar gefe ba ta yi ƙorafi ba, har Dakta ya sake fara bar mata mutane kaɗan-kaɗan. Ta sauya yadda take fara zama da kowa. Da, faɗa musu take yi cewa ba za ta nuna ta san su a waje ba. Yanzu tambayarsu take yi, in sun haɗu a gidan suna me suke so ta yi, ta gaishe su kamar kowa ko ta wuce, in an tambayi inda suka san juna me za a ce. Ta yi mamakin yadda kowa yake da amsarsa a shirye, alamar sun daɗe suna tunanin abin. Tsohon tsarin bincikenta ta ajiye shi, ta fara sabo a kan riƙe sirrin mara lafiya a unguwannin da kowa ya san kowa. Dakta Maharazu ya karanta, ya cika shi da jan biro, ya ce ta sake.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne bakin nata. Sabo ba ya fita da rana ɗaya. Ta koya wa kanta in ta shiga taro ta ɗago ta dubi fuska kafin ta buɗe baki, ta tambayi kanta a ina ta san ciwon wannan, a unguwa ko a ofis. Gaisuwarta ta yi gajarta, ta yi nauyi. Masu yin misali da ita suka daina. Wata ƙanwar babanta har ta tambayi Nazeer a ɓoye ko wani abu yana damun matarsa, don an ce masu aikin nan su ma abin yana shafarsu. Nazeer ya ce lafiyarta ƙalau, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Labarin Jamila kuwa ya daina zuwa, unguwa ta samu wani abin taunawa, Ikram kuma ba ta da ikon tambaya.

Shekara ta zagayo, jami'a ta sake buɗe ƙofa. Ikram ta yi kwanaki tana jinkiri kafin ta yanke shawarar sake tambayar Dakta, ta kuma shirya wa jin a'a. Ranar da ta zaɓa ba ranar aikinta ba ce. Ta shigo barandar sashen da hantsi, riƙe da sabon tsarin binciken a cikin jaka, mutane suna zaune a kan dogon benci suna jiran a kira su. A ƙarshen bencin, daf da ƙofar wata abokiyar aikin Dakta, Jamila ce zaune da katin asibiti a hannu. Ta ɗan yi ƙiba. A gabanta wata 'yar yarinya mai kitso biyu tana tsaye da ƙafafunta, ta riƙe gefen hijabin uwar tana ƙoƙarin cire takalmi.

Ikram ba ta san yaushe ta dawo ba, ba ta san wa ya shawo kan Hajiya Turai ba, ko ma an shawo kanta, ba ta san tun yaushe aka mayar mata da yarinyar ba. Ta san dai ba za a taɓa gaya mata ba. Gwiwarta ta fara lanƙwashewa da kanta za ta durƙusa gaisuwa, kamar yadda ta saba. Gaisuwa ta taso mata har maƙogwaro, da ban haƙurin da ta shekara tana tsarawa, da tambayar sunan yarinyar da ta girma haka. Jamila ta ɗago suka haɗa ido. Ikram ta ɗan rage tafiya, don in Jamila tana son yin magana ta samu dama. Jamila ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da ɗaura wa 'yarta takalmi. Ikram ta wuce.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta Maharazu ta shiga. Ya dubi idonta da ya yi ja, bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ajiye masa tsarin binciken ta ce ta zo ne a kan maganar bara. Ya buɗe shafin farko, ya tambaye ta yaushe za a rufe karɓa, ta gaya masa. Ya ce ta dawo ranar Alhamis ta karɓi takardar shaidar.

Daga asibiti ba ta wuce Ƙofar Ruwa ba, Shahuci ta nufa. Ta samu 'Yardada tana gyaran zogale a tsakar gida. Ta durƙusa ta fara, ta tambayi wuni, ta tambayi gwiwa, ta tambayi idon da yake mata ruwa, da tarin da ta yi da azumi, da akuyar da ta ƙi cin dusa, har da haƙorin da aka cire mata shekarun baya. Tsohuwar tana amsawa tana kallonta.

"Yau kuma bakin ya dawo ke nan. Me aka samu?"

"Dakta ya ce zai rubuta, Iya."

'Yardada ta ce Alhamdu lillahi. Ta ci gaba da kallonta, don ta san jikarta, ta san takarda ba ta sa mutum irin wannan fuskar. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta fasa. Ta turo mata farantin zogalen ta ce ta sa hannu su gama kafin magariba.